Raddi Ga Mai Cewa "Zakaran Zinare" Tatsuniya Ce Kawai

Wani marubuci ya yi da'awar cewa Zakaran Zinare, opera ta ƙarshe da Rimsky-Korsakov ya tsara, tatsuniyar yara ce zalla. A ganinsa, mai shirya ta a dandamali ya wadatu da tufafi masu ƙyalli da rawa, ya ƙyale siyasa. Hujjojinsa uku ne.

Ya ce asalinta labarin da Pushkin ya rubuta ne a 1834: sarki Dodon, masanin taurari, da zakaran da ke cara idan abokan gaba sun doso. Wannan gaskiya ne. To amma a duba lokacin da aka ɗora mata kiɗa. A 1905 Rasha ta sha kashi a hannun Japan, kuma a shekarar aka kori Rimsky-Korsakov daga makarantar kiɗa ta St. Petersburg saboda ya goyi bayan ɗalibai masu bore. Shekara ta zagayo, sai ya zauna yana tsara labarin sarkin da burinsa ya yi mulki yana kwance a gado, wanda 'ya'yansa biyu suka kashe juna a fagen daga, shi kuwa da ya hango sarauniyar Shemakha ya mance da gawarwakinsu. Jami'an tace rubutu na sarkin Rasha sun gane wanda ake nufi, suka hana nuna ta. Mai kiɗan ya rasu a 1908 bai ga aikinsa a dandamali ba. Sai a 1909 kamfanin opera na Zimin ya nuna ta a Mosko, bayan an taɓa baitocin. Hukuma ba ta ɓata lokacinta a kan abin da ba ya cizo.

Ya ce zanen Ivan Bilibin na wannan nunin farko ado ne irin na littafin yara. Ya manta cewa Bilibin ɗin nan ne ya zana jaki kewaye da alamun sarauta a wata mujallar barkwanci, har aka tsare shi.

Hujjarsa ta uku ita ce ta fi rauni, ko da yake ita ya fi tinƙaho da ita. Ya ce nunin da mai shirya wasanni Diaghilev ya yi a Faris a 1914 shi ne ainihin surar wasan. A can an jera mawaƙa a zaune gefe biyu na dandamali, 'yan rawar mai tsara rawa Fokine suna kwaikwayon labarin a tsakiya, cikin launukan mai zane Natalia Goncharova. Ya ƙayatar, ba musu. Sai dai a lokacin Rimsky-Korsakov ya shekara shida a kabari, kuma matarsa Nadezhda ta fito ta nuna rashin yarda. Ta yaya abin da iyalin mutum suka ƙi zai zama ma'aunin nufinsa?

Mai shirya wasan yana da damar sa wa Dodon duk rigar da ya so. Amma idan 'yan kallo suka tashi ba su gane cewa sarki ake yi wa dariya ba, aikin bai yi ba.