Bayan ritayar Windows 10, wa zai tsare bayanan mutanen Wurno, Rabah da Goronyo?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya dakatar da gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10. Matakin ya shafi shagunan kwamfuta na Wurno, Rabah da Goronyo, inda na'urori 'yan gwanjo ke ɗauke da lambobin NIN, hotuna da takardun jarrabawar jama'a.

Mafitar da ta fi saurin zuwa a rai ita ce manhajar kariya ta kyauta, mai tantance abin da ke shiga kwamfuta daga intanet da abin da ke fita. TinyWall ba ta da nauyi, ta dace da ƙaramar na'ura. ZoneAlarm da Comodo sun fi ta yawan tambaya da cin ƙwaƙwalwa. Windows ma tana da tata a ciki, wadda ta wadatar muddin tana kunne.

Sai dai Wurno, garin ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta san ganuwar da aka daina yaɓewa ba ta tare mahara. Manhajar kariya ba ta toshe ɓarakar da ke jikin Windows kanta, ba ta kuma hana cutar da ke shigowa ta filashi. Maganin shi ne komawa Windows 11, ko Linux Mint ta kyauta idan na'urar ta tsufa.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsaro a wuyan duk mai riƙe da bayanan mutane. Idan hukumar NDPC ba ta kai wayar da kai waɗannan shaguna ba, talakan da ya miƙa lambarsa shi zai kwana a ciki.