Tsohon Gado Ba Abin Kunya Ba Ne

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, ina so in taɓo wata magana wadda kowa ya san da ita amma ba a son faɗinta a fili, wato maganar kayan ɗakin amarya. A nan ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram, uba shi ne da nauyin gado da katifa da kujeru da kabad idan zai aurar da 'yarsa. Tun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin katako da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo, har ta kai manomi yakan sayar da hatsin da iyalinsa za su ci, ko ya jinginar da gona, domin ya fita kunya. Amma ka ce da shi ya sayi na hannu, sai ya ce so kake a yi wa 'yarsa gori a gidan miji. Ni kuwa a ganina, tsohon gado mai ƙwari ya fi sabo marar ƙwari daraja nesa ba kusa ba.

Dalilina shi ne, da yawa daga cikin sababbin kayan nan masu sheƙi kamar madubi ba katako ba ne. Garin katako ne aka kwaɓa da gam, aka matse, aka lulluɓe shi da leda mai zane. Kyan ɗan maciji ke nan. Ranar jere kowa zai yaba, amma da damina ta sauka, ƙasan ɗaki ya yi danshi, sai ƙafafun su kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. In kuwa ƙusa ta zare, ba ta sāke kamawa a wurin. Irin wannan kaya, a ɗora shi a akori-kura sau biyu a kan hanyar ƙauye, to ya gama aiki.

Kayan da fa? Kafintocin da suna aiki da maɗaci da loko, kuma akwai gadajen ƙarfe irin na Vono waɗanda har yanzu kakanninmu suke kwana a kai. Ko a ajinmu akwai teburan da ke ɗauke da sunayen ɗaliban da suka daɗe da fita, an hau su, an ja su, an buga su kamar ganga, ga su nan daram.

To, ba cewa na yi duk tsohon kaya mai kyau ne ba. Saye na hannu yana bukatar ido. Kada a je sai da rana tsaka. A ɗaga kujerar a ji nauyinta, domin katakon kirki yana da nauyi. A juya ta a dubi ƙafafu da baya, inda mai sayarwa ba ya gogewa. A ƙwanƙwasa da yatsa, saboda gara daga ciki take ci ta bar fatar waje, wurin da ta cinye kuwa ƙararsa kamar ta ƙwarya ce. In an ga 'yan ƙananan huji suna zubar da gari, a bar shi ko da kyauta ne. Sa'an nan a girgiza gadon a dubi mahaɗinsa. Wanda aka sassaƙa katako ya shige cikin ɗan'uwansa ya fi wanda ƙusa kaɗai ke riƙe da shi. Sabon fenti a kan tsohon kaya kuwa abin tuhuma ne, sau da yawa wani aibi aka rufe. Yagaggen yadi ko mataccen soso kada su tsorata kowa, ana sāke su. Katifa dai ban yarda a sayi tsohuwa ba, saboda kuɗin cizo. Shi ma gadon a duba tsagoginsa ko akwai baƙaƙen ɗigo, a kwara masa tafasasshen ruwa, a shanya shi a rana kafin ya shiga ɗaki.

Ina da magana da dillalai da masu jere, waɗanda iyaye suke danƙa wa kuɗi su zaɓo musu kaya. Amana aka ba ku. Wasunku sun fi son a sayi sabo mai tsada domin la'adarsu ta yi kauri, alhali sun san ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki yana neman mai sayen kujerunsa. Ku kuma binciki asalin kaya, kada araha ta sa a shigar da na sata ɗakin amarya.

Saura maganar gori, kuma ban raina ta ba, don bakin dangin miji yana da zafi. Sai dai 'yan ganin ɗaki kwana nawa suke yi? Su leƙa, su ci tuwo, su watse, yarinya ce za a bari da gadon shekara da shekaru. Idan kafinta ya kankare tsohon fenti ya shafa sabo, aka shimfiɗa sabon zanen gado, ƙalilan ne za su iya bambancewa. Abin da ya ragu na kuɗin kuma ya isa a ɗaure mata akuya biyu, ko a fara tara mata na keken ɗinki.