Wayarka ba za ta ɗaga maka ƙarfe ba

Duk wanda ya taɓa neman bidiyon motsa jiki sau ɗaya a TikTok ko YouTube ya san abin da ke biyo baya. Kwana biyu, shafinka ya cika da ƙartai masu murɗaɗɗen ciki, kowa na alkawarin zai mayar da kai kamarsa. A Play Store ma haka: manhajojin da ke cewa cikinka zai ɗame cikin kwana 30 ba su ƙirguwa. Ra'ayina shi ne, matashin da ke son fara gina jiki a Jahun ko Haɗeja ya daina bin wannan alkawari. Ya mayar da waya 'yar aike, kada ya ɗauke ta malami.

Matsalar farko, waɗannan bidiyoyi abin da ido ke gani suke tallatawa: ƙirji, damtse da ciki, domin su ne ke kyau a hoto. Shi kuwa jiki ba a gina shi gunduwa-gunduwa. Manyan tsokoki suna cinya, ɗuwawu da gadon baya, kuma su ne ke ɗauke da kai idan ka sunkuci buhu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya riƙa atisayen ƙarfafa dukkan manyan tsokoki aƙalla kwana 2 a mako. Dukkansu ta ce, ba damtse kaɗai ba.

Ta biyu, atisayen ciki ba ya narkar da teɓa. Yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin kitsen ne kawai. Kitse yana raguwa ne a jiki gaba ɗaya, idan abin da kake ƙonawa ya fi abin da kake ci. Manhajar da ta ce maka akasin haka datarka take ci, tana nuna maka talla.

To me mai farawa zai yi? Motsi huɗu sun isa, kuma babu wanda ke buƙatar gidan motsa jiki. Don cinya da ɗuwawu, tsuguna ka miƙe, diddige a ƙasa, baya a miƙe. Don ƙirji, kafaɗa da bayan damtse, kife ka riƙa ture ƙasa da hannuwa. Idan ya yi wuya, dafa bango ko benci. Don gadon baya da gaban damtse, dafa benci da hannu ɗaya, ka riƙa jawo jarkar ruwa zuwa ƙugu da ɗayan. Don ciki, kife kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar sanda, na daƙiƙa 20 zuwa 30. Sauran ukun ka yi kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye 2 ko 3, sannan ka bar kwana ɗaya tsakani, domin a lokacin hutu tsoka ke ginuwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka ta fi ƙarfen da aka haɗa da siminti a gwangwani: ka san nauyin da ka ɗaga, kuma kana iya ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Wani zai ce, mu da muke wuni a fadamar shinkafa, wane atisaye ya rage mana? Gaskiya ne, noma aiki ne na ƙarfi. Amma dashe da yanka duk a sunkuye ake yin su, motsi iri ɗaya na sa'o'i, kuma ƙugu ne ke shan wahalar. Ƙarfafa cinya da ciki yana rage wa ƙugu kaya. Ranar da ka sha aikin gona kuwa, ka huta, ka riga ka biya bashin ranar.

A nan ne waya ke da rana. Jingina ta a bango ka ɗauki kanka bidiyo daga gefe, za ka ga ko bayanka na lanƙwashewa. Yi amfani da agogonta ka auna hutun minti ɗaya tsakanin zagaye. Rubuta abin da ka ɗaga yau don ka ɗara shi mako mai zuwa. Duk wannan ba ya cin data ko ta sisi.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. Wanda aka yi wa alkawarin kwana 30, idan bai ga canji ba, shi ne ke fara tambayar ƙwaya. Tramadol ba ya gina tsoka. Ciwo yake ɓoyewa, ka ji rauni ba ka sani ba, ga jaraba, ga haɗarin farfaɗiya. Abin da tsoka ke so yana kasuwarmu: wake, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, nono da kifin Kogin Haɗeja, sai barci isasshe. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ka yi atisayenka bayan asuba, da ruwa a kusa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Ƙarfi yana fara zuwa cikin makonni, girman tsoka kuwa sai an yi watanni. Ba a sauke shi daga intanet. Cika jarkarka, ka saita agogo, ka fara da zagaye biyu.