"AI YA TASHI DA ƘAFARSA" BA WARKEWA BA CE

Jama'a, akwai maganar da muke yi a nan Janfalan da Ikara duk sanda yaro ya faɗi da babur: "Ai ya tashi da ƙafarsa, Allah Ya tsare." A karkaɗe masa ƙura, a shafa man zafi, shi ke nan an rufe babi. Ni dai wannan magana ta daina kwantar min da hankali.

Akwai wani matashi ɗan acaɓa da na sani, ya faɗi yana dawowa daga kasuwar Makarfi, kansa ya bugi ƙasa. Ko ɗigon jini babu. Bayan 'yan makonni sai mantuwa, sai saurin fushi, lissafin canji ma ya gagare shi. Wasu suka ce ƙwaya ya fara sha, wasu suka ce jifa ne. Babu wanda ya tuna da faɗuwar nan.

Ga abin da masana suka gano. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa kamar wayoyin lantarki suke, an naɗe su da wani rufi mai kitse da ake kira mayelin, shi ke sa saƙo ya yi sauri. Ƙwayoyin halittar da ke yin rufin sunansu oligodendirosait, kuma guda ɗaya tak tana iya naɗe jijiyoyi da dama, don haka mutuwarta ba ƙaramar asara ba ce. To buguwar farko tana miƙe jijiyoyi ta yayyaga wasu, amma ɓarnar ba a nan take tsayawa ba. Wani sinadari mai suna gulutamet yana malala fiye da ƙima, kalsiyam ya cika ƙwayoyin, kumburi ya biyo baya, sai su riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan, kwanaki har makonni. Su kuwa dama ba su da juriya, saboda ƙarfen da ke jikinsu yana da yawa, kariyarsu kuma kaɗan ce. Ƙwaƙwalwa tana ƙoƙarin samar da sababbi, sai dai gyaran ba ya cika kammaluwa. Wani lokaci ko hoton CT bai nuna komai ba, alhali ɓarna na gudana a ciki.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne ƙarancin iska da faɗuwar bugun jini a sa'o'in farko. Wato daidai lokacin da muke tsaye a kansa muna gardamar wa ke da laifi, wani yana ɗura masa ruwa a baki, wani yana jijjiga shi. Don Allah a daina. Wanda ya suma ko na minti ɗaya ne, ko yake amai, ko barci mai nauyi, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko ya fara jijjiga, a riƙe wuyansa kada ya motsa, a nufi asibiti. In sun ce a wuce Shika, a wuce. Na san kuɗin mota da na hoto ba wasa ba ne, amma jinyar shekaru ta fi tsada.

Sai hular kwano. Da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta a Janairun 2009, wasu a Kano ƙwarya suka kifa a kai, muka yi ta dariya. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya ta daidai yana rage haɗarin raunin kai da kashi 69 cikin 100. Uzurinmu zafi ne, ko kunyar a ce mutum matsoraci ne.

Shugabannin 'yan acaɓa na Ikara da Makarfi da Hunƙuyi, kuna karɓar kuɗin tikiti kullum. Me zai hana ku saro hulunan nan da yawa, yaranku su riƙa biya kaɗan-kaɗan?