Filin Koyon Ingilishi: Kalmar "Ululate", Guɗa Ce Ko Kururuwa?

A wannan mako za mu duba wata kalma ta Ingilishi wadda ba kasafai ake cin karo da ita ba, amma in aka yi mata gaggawa sai ta jefa mai fassara cikin rami. Kalmar ita ce "ululate".

Dalilin da ya sa na ɗauko ta shi ne, kwanakin baya wani abokin aikina yana fassara labarin wani ɗaurin aure, sai ya ga an rubuta "the women ululated". Ya buɗe ƙamus, ya tarar an ce kukan kare ne ko kururuwar makoki. Nan take ya rubuta cewa mata sun ɓarke da kuka. Ba don an lura kafin a kai wa maɗaba'a ba, da mun mai da gidan biki gidan rasuwa. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

To, daga ina kalmar ta fito? Asalinta "ululare" ne a harshen Latin na Romawa, watau yin kuka mai tsawo irin na kare ko kyarkeci. Har wata irin mujiya suna kiranta "ulula". Kalmar kwaikwayon sautin ne kurum, kamar yadda mu ma muke cewa ayyururui. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17 da wannan ma'ana ta kuka. Da Turawa suka zo ƙasashen Afirka da na Larabawa suka ji mata suna rangaɗa guɗa, sai suka ɗora wa abin wannan tsohuwar kalma, domin ba su da wata ta musamman.

Ita kuwa guɗa daɗaɗɗiya ce. Herodotus, masanin tarihin nan na Girka wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa a ganinsa daga Libiya Girkawa suka samo irin wannan kira na mata a wuraren bauta, domin matan Libiya sun gwanance da shi. Larabawa suna ce mata "zagharit", masu Swahili kuma "vigelegele".

Wajen amfani, a lura da abu biyu. Na farko, aikatau ce wadda ba ta ɗaukar karɓau. Ana cewa "she ululated" a tsaya nan. Sunan aikin kuwa shi ne "ululation", wanda William Golding ya yi ta maimaitawa a babin ƙarshe na littafinsa Lord of the Flies na 1954, inda yake nufin ihun yara masu farautar ɗan'uwansu. Na biyu, kalmar ba ta faɗin murna ake yi ko baƙin ciki. A ƙasar Hausa maguɗiya takan kama hanci ne a wurin aure, ko suna, ko naɗin sarauta, amma a wasu ƙasashen Larabawa ana yin guɗa har a jana'izar wanda ake ɗauka ya yi shahada.

Saboda haka mai fassara ya karanta labari duka kafin ya zaɓi guɗa, ko kururuwa, ko ihu. Matambayi ba ya ɓata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.