Kafin A Bi Bidiyon YouTube, A Duba Irin Rim Ɗin Keken

Matashi ya taso daga Mabera a kan keke zai nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai ya ji wani abu yana kacau-kacau a wilin baya. Abin da zai yi sananne ne: ya zaro waya, ya faɗa YouTube. Bidiyon zai ce a cire taya da tib, a ɓare robar da ke zagaye cikin rim, a yi ta girgizawa har abin ya faɗo ta ramin bawul.

Bayanin daidai ne, amma ba ga kowane keke ba. Yawancin bidiyoyin nan a Turai da Amurka ake ɗaukar su, a kan rim ɗin alminiyam mai bango biyu. Tsakanin bangon akwai kogo, kuma nan ne ɗan notin da ke riƙe wayar wili, ko ɓurɓushin ƙarfe tun daga masana'anta, yake maƙalewa yana yawo. Kekunan gwanjo masu giya da yawa haka suke. Ko a nan ma, mai cewa a jawo notin da maganaɗisu bai faɗi duka ba, don notin tagulla ko na alminiyam ba ya bin maganaɗisu.

Keke irin Phoenix kuwa, wanda ya cika titunan Sakkwato, rim ɗinsa na ƙarfe ne mai bango ɗaya, babu wannan kogon. Ƙararsa galibi waya ce ta saki. Wanda ya bi bidiyon zai kwance taya a banza cikin zafin rana, ya mayar, wataƙila ma ya tsinke tib, ƙarar tana nan. Wayar da ta saki kuma tana jibga wa sauran nauyi, wili ya fara karkacewa, wata rana ɗaya ta tsinke a hanyar Dundaye.

Masu rubuta manhaja sun san wannan ciwon. Mutum ya kwafo amsa daga Stack Overflow bai duba ko ta dace da sigar da yake aiki da ita ba, ya kwana yana neman kuskuren da shi ya ƙirƙira.

Mai gyaran keke na bakin kasuwa ba ya fara da kwancewa. Ɗaga wilin yake ya juya shi, ya bi wayoyin yana matsa su bibbiyu da yatsa. Wadda ta yi laƙwas ita ce. Ya ɗaure ta, ya sake juyawa ya ga ko wilin ya miƙe, tayar ko iska ba a sace mata ba.