Kafin mu zagi mushe, mu tambaya: wa ya raka shi aji?



Bara war haka na kai ƙanwata tasha. Ta gama makarantar horon malamai, wadda muke kira ENI, aka tura ta aiki wani ƙauye can arewacin jahar Maradi. Kayanta duka katifa ɗaya ne, bokiti, tukunya biyu da jakar takardu. A gida an yi murna, Inna har sadakar masa ta raba, don ita ce mace ta farko a zuri'armu da za a kira madam.

Bayan sati uku ta kira ni da dare, daga kan wani tudu inda ake samun rezo. Ta ce: "Yaya, wallahi ban san ta inda zan fara ba." An ba ta CI, ajin farko, yara sun haura tamanin. Ɗakin karatu babu, sai an gama girbi iyaye su kawo kara a kafa rumfa, don haka ƙarƙashin bedi suke zama. Direkta shi ma aji biyu yake riƙe da su, CM1 da CM2, ba shi da lokacin leƙa ta. Cikin yaran babu wanda ya taɓa jin Faransanci. Wasu ma Fulatanci ko Tamajak ake yi a gidajensu, Hausar sama-sama suke ji.

Abin da nake so in faɗa yau ɗaya ne: a ƙasarmu, malamin da bai san komai na aikin ba tukuna shi muke ɗora wa aikin da ya fi kowane wuya, mu bar shi shi kaɗai, bayan shekaru kuma mu dawo muna cewa malamai sun kashe ilimi.

Ku duba yadda ake sauran sana'o'i. Babu mai garejin da zai miƙa wa yaron da ya zo jiya injin mota ya tafi kasuwa. Direban babbar mota sai ya yi shekaru yana karen mota. Tela ma da ɗinkin maɓalli yaronsa ke farawa. Amma yaro ɗan shekara shida ko bakwai, a shekarar da zai koyi baƙi da wasali, shekarar da in ta kuɓuce da wuya ya kamo ta, shi muke damƙa wa sabon hannu ba tare da kowa a gefensa ba. Wanda ya daɗe a aiki, ko yake da wani a sama, ya san yadda zai yi ya zauna gari. Ƙauyen da ba ruwa ba hanya, rabon sabo ne.

Sai zancen kuɗi. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasarmu ta koma ɗaukar malamai na wucin gadi, da farko da sunan ƴan sa kai, daga baya ƴan kwantiragi, har suka zamo su ne mafi yawa a makarantun firamare. An samu buɗe lakkol da yawa a karkara, wannan gaskiya ne. Amma ƙanwata sai da ta yi wata huɗu kafin ta ga kuɗinta na farko. Tuwo daga gidan maigari ake aiko mata, sabulu da sukari bashi take ci wajen mai tebur, wanda ɗansa ke ajinta. Ku gaya mini, da wane ido za ta kira uban nan ta ce masa ɗansa ba ya zuwa lakkol? Ranar da kuɗin suka fito kuma, zuwa karɓarsu da dawowa kwana biyu ya ci mata, yara na zaune.

Na san abin da wasunku za su ce: ai malaman ma ba su iya ba, wasu ba sa zuwa aiki, wasu don sun rasa abin yi suka shigo. Ban musa ba. A 2017 gwamnati ta yi wa malamai ƴan kwantiragi jarrabawar tantancewa, da yawa suka kasa, aka sallami wasu. Duk mun tuna dariyar da aka yi ta yi musu. To amma waɗannan malamai daga sama suka faɗo? Ɗaliban lakkol ɗinmu ne na jiya. Wanda aka koyar da shi rabi-rabi, aka horar da shi a gurguje, aka jefa shi ƙauye ba mai duba shi, me muke jira ya zama? Tantancewa tana nuna ciwo, ba ta warkar da shi.

Rumfar kara ma ba ƙaramin abu ba ce. Ana komawa lakkol a watan Oktoba, amma mai ajin zana sai kara ya samu, kuma da hadarin farko ya taso karatu ya watse. Ga hunturu, ga ƙura, ga awaki. Ga kuma wuta. Ba mu manta da Afrilun 2021 ba, lokacin da gobara ta cinye yara kusan 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, sannan a Nuwamban 2021 ta ɗauke mana yara fiye da 20 a cikin garin Maradi. Allah ya jiƙansu. Ƙanwata ta ce duk ranar da iska ta taso, ido ɗaya kan allo yake, ɗaya kan hayaƙin gidajen maƙwabta.

Me ya hana ta tattara kayanta ta dawo? Mutum ɗaya ne. A taron CAPED, wanda malaman yanki ke haɗuwa su koya wa juna aiki, ta gamu da wata dattijuwar malama ta ƙauyen gaba. Matar nan ta zo ajinta sau uku, a kan amalanke, ba wanda ya biya ta ko dala. Ta ce mata: "Ɗiyata, daina yi musu ihu, muryarki za ki kashe." Ta nuna mata yadda za ta raba yara rukuni-rukuni, masu saurin ganewa su taimaki na baya. Ta sa kowane yaro ya zo da tsakuwa goma da guntayen kara don lissafi. Ta ce ta fara bayani da harshen da yaro ke ji, sannan ta kawo kalmar Faransanci. Kafin hutun ƙarshen shekara, fiye da rabin ajin suna haɗa baƙi suna karanta gajerun kalmomi a kan allunansu.

Wannan dabara ta harshen gida ba baƙuwa ba ce a nan. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla. Amma magana a takarda ba ta shiga aji da ƙafarta. Sai an horar da malami a kai, an ba shi littafi a hannu, an kuma tuna da yaran da harshen gidansu ba Hausa ba ne.

Tambayata ita ce: don me abin da ya ceci ƙanwata zai zama sa'a? Ya kamata ya zama tsari. Ga abin da nake ganin ya dace mu nema, da murya ɗaya:

A biya sabon malami tun watansa na farko, ta hanyar da ba sai ya rufe aji ba.

Kada a ba sabo CI sai an haɗa shi da gogaggen malami da zai riƙa zama ajinsa a shekarar farko.

A ba masu ba malamai shawara babur da mai, su riƙa isa ƙauye. Ziyararsu ta zama ta gyara, ba ta tsoratarwa ba. Taron CAPED kuma ya riƙa zama a kan lokaci.

A fito da ƙa'idar turawa aiki fili: shekara nawa a karkara, kuma ta hau kan kowa, ɗan wane da ɗan talaka.

Mu ma akwai namu. Kusan kowannenmu yana cikin gurup ɗin WhatsApp na ƴan asalin garinsu. Muna tara kuɗin biki da na ƙwallo. Me zai hana mu tuntuɓi COGES na ƙauyenmu kafin a koma lakkol, mu tambaya: ina sabon malami zai kwana? An tanadi rumfa? Akwai alli? A unguwanninmu akwai tsofaffin malamai da suka yi ritaya, cike da sani, ba mai tambayarsu komai. Mu haɗa su da sababbi, ko ta waya ce.

Cikin waɗanda suka gama tare da ƙanwata, na san ɗaya da ya ajiye alli ya tafi haƙar zinariya. Ban ga laifinsa ba. Ita kam ta koma bana, kuma da bakinta ta roƙi a bar mata yaranta ta bi su CP. Da na sake kai ta tasha, na ga ta ƙara buhu ɗaya cikin kayanta: marafan kwalba ne ta tara duk hutu, don lissafi.

In kana da ɗan uwa ko ƙawa da aka tura aji bana, kira shi yau. Kada ka tambaye shi ko an biya, ka san amsar. Tambaye shi me ya rasa, ka ga abin da za ka iya.

Allah ya taimaki malamanmu, ya raya mana ƴaƴanmu.